FUREN DA NA RAINA A BAYAN ƊAKIN INNA

Yau ba labarin soyayya na zo muku da shi ba, kodayake in kuka bi ni a hankali za ku tarar da son a ciki, har da yaudara da nadama. Sai dai ba tsakanin saurayi da budurwa abin ya faru ba, tsakanina ne da wani fure.

Duk wadda ta taɓa karanta littafina ta san halina, ba na cika shafi ashirin ban sa saurayi ya miƙa wa budurwa fure ba. Finafinan Indiya ne suka koya mana. Amma tsakani da Allah, lokacin da na fara rubutu ban san wani fure ba in ban da na roba da ake jerawa a ɗakin amarya.

To a shekarar 2021 sai ɗan Kawuna da ke karatu a Ingila ya zo hutu nan Kazaure, ya ba ni wata 'yar takarda mai irin fure a ciki a matsayin tsaraba. Turawa na kiran furen larkspur. Hoton da ke bayan takardar kaɗai ya isa ya tafi da hankalin mutum: dogayen karare cike da furanni shuɗi da fari da ruwan hoda, sai ka ce zangarniyar gero aka yi wa kwalliyar sallah. Ya ce a can yanko shi ake yi a sa a kwalba, in an so kuma a busar da shi ya daɗe yana ado a falo. Ni kuwa abin nema ya samu. A watan Mayu na cika tsohuwar roba da ƙasa na zuba irin, ina ba shi ruwa safe da yamma kamar mai jinyar jariri. Mako ɗaya, mako biyu, har mako biyar, ko tsinke bai leƙo ba.

Daga baya na gane laifina. Wannan fure ɗan ƙasar sanyi ne, irinsa yana son ƙasa mai sanyin digiri 10 zuwa 13 kafin ya tsiro, ni kuwa na binne shi a tsakiyar bazara, lokacin da zafin garinmu kan wuce digiri 40. Dafa shi na yi da hannuna. Kuma ashe Allah ne ya rufa mana asiri, domin daga ganyensa har irinsa guba ne ga mutum da dabba, ga shi gidanmu akwai awaki, akwai yara masu kai komai baki.

DARIYAR INNA

Da aka fara ruwa sai na je ƙauyenmu a ƙasar Roni gaida kakata, muna ce mata Inna. Ina ba ta labari tana dariya har da riƙe ciki.

"Kishiya, ke da kika yi boko har aji shida, fure ya gagare ki?"

Na ce, "Inna, wannan fa furen Turawa ne, ba irin ciyayinku na ƙauye ba."

Ta ce, "To madalla. Mu namu ba ya zuwa a takarda." Ta shiga ɗaki ta fito da gwangwanin madara cike da gurguzu ta danƙa mini. "Je ki shuka wannan. Ranar da ya buɗe ki zo ki faɗa mini wanda ya fi kyau."

Raina ya ɗan sosu, ban ɓoye muku ba. Gurguzu fa, irin yakuwa! Abin da tun ina rarrafe nake gani a bayan ɗakinta da iyakar gonarta, mu ci ganyen a miya da fate, mu sha zoɓon da azumi. Wai shi ne fure. Na karɓa ne don kada a ce na yi wa babba musu.

Abin da ya sa na shuka shi kuwa ba maganar Inna ba ce, larura ce. Ƙanwata na shirin shiga ajin ƙarshe na sakandare, kuɗin jarrabawa na tafe, Baba kuma ya yi ritaya, abin da yake samu da ƙyar yake kai mu ƙarshen wata. Ya ce zai iya rabi, rabin kuma sai yadda Allah ya yi. Akwai wani filinsa a bayan gari da bai samu halin ginawa ba, sai muka ce bari mu gwada, tunda muna ganin ana loda buhunan zoɓo a mota duk ƙarshen shekara.

Ranar wata Asabar a ƙarshen Satumba na isa filin da sassafe, sai na tsaya cak. Layi-layi furanni sun buɗe, faɗinsu ya kusa tafin hannun yaro, launinsu fari-fari mai ɗorawa, tsakiyarsu ja wur kamar an ɗiga jan lalle, ga karan jajaye, ga raɓa a kai. Wallahi sai da na ji kunyar kaina. Shekara nawa ina wuce wannan abu ban taɓa tsayawa na dube shi ba, don kawai ba a takarda ya zo ba. Kafin la'asar duk sun yanƙwane, domin furen yakuwa yini ɗaya yake yi. Washegari wasu suka buɗe.

A nan ne na fahimci abin da da yawanmu ba mu sani ba. Zoɓon da muke jiƙawa ba ainihin furen ba ne, ƙoƙon da ke riƙe da furen ne daga ƙasa. In furen ya faɗi sai ƙoƙon ya yi ta kumbura yana ƙara ja, ya lulluɓe ƙwallon da gurguzu ke ciki. Shi ake ɓarewa a shanya.

YADDA NA YI ASARA

Gonarmu ta yi kyau har maƙwabta na tanka mana. Sai gaggawa ta shigo. Muka ji wani mai saye zai zo unguwarmu ranar Lahadi, muka tsinke komai a kwana biyu, manya da ƙanana, muka ɓare, muka baza a ƙasa a tsakar gida babu ko tabarma. Kwana biyu ya yi a rana, na taɓa na ji saman ya yi ƙaras-ƙaras, na ce ya bushe. Muka danna shi a buhun taki na leda muka ɗaure baki.

Mai sayen bai zo ba sai bayan kwana tara. Yana kwance bakin buhu wani wari ya bugo mu. Tsakiyar ta yi baƙi, ta yi fumfuna, ga yashi a gindi. Mutumin ya damƙa ya saki, ya girgiza kai ya ce, "Hajiya, wannan ai sai dai a taimaka." Abin da ya ba mu bai kai kashi ɗaya cikin uku na abin da muka sa rai ba. Ban ga laifinsa ba, ni ma ba zan saya ba.

Daren nan ƙanwata ba ta yi magana da kowa ba, tana kwance ta juya wa bango fuska. Da safe Umma ta sa aka ja akuyarta guda ɗaya tilo, wadda take kiwo tun tana 'yar ƙarama, aka kai kasuwa. Da kuɗin akuyar aka cike na jarrabawa. Umma ba ta ce mini komai ba, kuma shirun nan ya fi mini zafi a kan faɗa.

Da na koma wurin Inna ban tarar da dariya ba. Ta ce, "Kishiya, noman zoɓo kowa ya iya, ko akuya ta zubar da iri zai fito. Kuɗin a shanya yake." Daminar 2022 a gabanta na koyi aikin tun daga farko, kuma shi ne zan ba ku yanzu, don kada wata ta maimaita wautata.

IRI DA SHUKA

Ki nemi gurguzu daga hannun wadda kika ga zoɓonta da idonki. Akwai ja mai duhu da ake kira baƙin zoɓo, akwai ja mai haske, akwai kuma fari wanda aka fi sa wa a miya. Masu saye sun fi son mai duhu mai kauri, kuma ba sa son a gauraya musu kala. Ki zuba irin a ruwa, wanda ya taso sama ki zubar, wanda ya nutse shi ne mai rai.

Lokacin shuka shi ne in damina ta zauna, daga Yuni zuwa tsakiyar Yuli. Kada ki makara, domin yakuwa ba ta lissafi da ranar da kika shuka ta. Tana jiran rana ta fara gajarta ne, wajen Satumba zuwa Oktoba, sai ta yi fure ko ta girma ko ba ta girma ba. Wadda aka shuka a Agusta za ta yi fure tana 'yar guntuwa, rassa kaɗan, zoɓo kaɗan.

Ƙasarmu ta jigawa mai yashi-yashi ta dace da ita, shi ya sa za ki gan ta daga Gwiwa har Babura, wasu a gona sukutum, wasu a tsakanin gero da gyaɗa, wasu a kan iyaka. Abin da ba ta so shi ne wurin da ruwa ke kwanciya. Ki watsa ruɓaɓɓen takin awaki, ki yi rami mai zurfin gaɓar yatsa, ki jefa ƙwaya uku ko huɗu. Tsakanin rami da rami ki bar babban taku guda. Cikin mako ɗaya za ki ga ta tsiro. In ta kai tsawon tafin hannu ki cire raunanan ki bar biyu, waɗanda kika cire kuma a yi miya da su, babu asara.

Ki yi mata noma sau biyu ko uku tun tana ƙarama, bayan nan ita da kanta za ta rufe ciyawa. Ganye kuwa ki riƙa tsinka da tausayi. In kika bar 'yan gida suka yi mata aski kullum don fate, kada ki yi kuka ranar girbi. Sannan ki yi shinge, don akuya ba ta san kuɗin jarrabawa ba.

TSINKA DA ƁARA

Bayan fure ya faɗi da kamar mako biyu zuwa uku ƙoƙon ya cika, ya yi tauri, yana sheƙi. Daga ƙasan kara yake fara nuna ya hau sama, don haka ba a rana ɗaya ake girbe shi ba. Ki riƙa zagayawa duk bayan 'yan kwanaki kina ɗaukar waɗanda suka isa. Ki bari raɓa ta bushe tukuna. Ki yi amfani da almakashi ko 'yar wuƙa, kada ki fizga ki yage reshe.

Ɓara ita ce aikin da ke cin rai. Ƙwallon cikin yana da wasu ƙananan gashi masu ƙaiƙayi da shiga yatsa, saboda haka ki sa safar hannu, in babu ko tsohuwar safar ƙafa ce ki zura. Wasu da hannu suke tsagawa. Wasu kuma suna samun ɗan bututun ƙarfe mai kaifin baki su soka ta gindi su turo ƙwallon waje, ƙoƙon ya fita ɗungurungum, kuma irin wannan ya fi kyan gani a ido. Abin da kika tsinka yau ki ɓare shi yau ko gobe da safe, kada ya kwana biyu a tare.

Ƙwallayen kada ki zubar. Waɗanda suka ƙosa ki shanya su daban, za su fashe da kansu gurguzu ya zubo. Ki ware na shukar baɗi daga itatuwan da suka fi kyau, sauran kuma masu daddawar batso na nema.

SHANYA, INDA KUƊIN YAKE

Ki buɗe kunne a nan, 'yar'uwa. Ɗanyen zoɓo kusan duk ruwa ne, wajen kilo 10 ne ke ba da kilo 1 busasshe. Ruwan nan kuwa sai ya fita duka, in ya rage a ciki shi ne fumfuna.

Kada ki taɓa shanya a ƙasa. Ki shimfiɗa tabarma ko tamfol mai tsabta, in da hali a kan rumfa ko wani abu mai tudu inda kaji da awaki ba sa kaiwa. Ki baza shi siriri, kada wani ya hau kan wani, ki riƙa juyawa sau biyu a yini. Da yamma ki kwashe ki shigar ɗaki saboda raɓa, amma ki bar shi a buɗe. Iskar hunturu ta Nuwamba da Disamba babbar mai taimako ce, sai dai tana zuwa da ƙura, don haka ranar da ta yi yawa ki yafa masa tsohon gidan sauro. Inna ma ta fi son ta ba shi rana kwana biyu sannan ta ƙarasa shi a inuwa mai iska, ta ce jansa ya fi zama.

Yakan ɗauki kwana huɗu zuwa mako guda. Kada ki yarda da saman, abin da ya yaudare ni ke nan. Ki ɗauki mai kauri ki karya ta gindi. In ya karye ƙas, ya bushe. In ya lanƙwashe kamar fata, a mayar da shi. Bayan nan ki bar shi ya huce, ki tsince kara da ganye da gurguzun da ya ɓuya, ki zuba a buhu mai tsabta mai shan iska, wanda bai taɓa ɗaukar taki ko maganin ƙwari ba. Ki ɗora buhun a kan katako, nesa da bango, nesa da buhunan hatsi.

NA ADO A ƊAKI

Burina na farko ma bai faɗi ƙasa ba. Ashe a ƙasashen waje masu sayar da furanni na sa karan zoɓo a cikin damin ado saboda jansa. Ki zaɓi rassa miƙaƙƙu masu 'ya'ya reras, ki yanko da tsawon kamu ɗaya da sanyin safiya, ki zage ganyen. In ɗanye kike so, ki tsoma a kwalba da ruwa kina canzawa, zai yi kwanaki. In na ajiya ne, ki ɗaure biyar-biyar da zare ki rataye kansu na kallon ƙasa a ɗaki mai iska wanda rana ba ta shiga, kamar mako biyu. Ki haɗa da busasshiyar zangarniyar gero biyu a 'yar tukunyar ƙasa. Na kai wa wata ƙawata amarya irin wannan, 'yan ganin ɗaki suka yi ta tambaya daga ina aka yo odarsa.

INA ZOƁONMU YAKE ZUWA?

Jigawa na cikin jihohin da suka fi noman zoɓo a Najeriya. Buhunan da kike gani ana tarawa a ƙauyukanmu suna bi ta kasuwanni irin su Maigatari da Dawanau ta Kano, a tsince su, a danna a kwantena, a kai tashar jirgin ruwa a Legas. Babbar mai saye ita ce ƙasar Meziko, can kusa da Amurka, inda suke kiransa jamaica suna jiƙa shi da sukari kamar yadda muke yi. A Sudan da Masar karkade suke ce masa, a Senegal bisap, a Ghana sobolo. A Turai kuma yana shiga cikin ganyen shayi.

Kada ki ɗauka sakacin mutum ɗaya a tsakar gidansa yake tsayawa. A shekarar 2018 Meziko ta dakatar da karɓar zoɓon Najeriya saboda ƙwaron rumbu da aka samu a cikin kaya, sai da aka ɗauki shekaru ana tattaunawa kafin a sake buɗe ƙofa. Wa ya sha wahalar? Manomi da matan da ke tsintar zoɓo don abin cefane. Shi ya sa na ce ki raba buhunki da hatsi.

Shawara biyu kafin in ajiye biro. Ta farko, kada ki karɓi kuɗin kowa tun zoɓo na gona da sunan za ki biya da kaya, domin mai ba da bashi shi zai yanka farashi. Kuma in ya bushe da kyau ba ya lalacewa da wuri, kina iya riƙe wani kaso har kakar ta wuce, ko har azumi ya matso. Ta biyu, ku 'yan makaranta, wannan aikin Asabar da Lahadi ne da hutu, kuma da sanin iyaye. Duk wadda ta bar aji ta tafi ɓarar zoɓo ba da yawuna ba. Don karatu muka shuka shi, kada ya zama shi ya cinye karatun.

Ba zan yaudare ku in ce fili ɗaya zai mai da mace hajiya ba. Amma a shekarar 2022, da filin Baba da iyakar gonar da Inna ta bar mana, mun sayar da rabi, rabin kuma muka riƙa haɗa zoɓon sha da citta da kanumfari muna ajiyewa a firijin maƙwabciyarmu. Da abin da ya taru aka saya wa ƙanwata fom ɗin gaba da sakandare. Ragowar kuma muka haɗa muka sayo 'yar akuya ja muka ɗaure a turken da ya shekara babu kowa. Da Umma ta fito alwalar la'asar ta gan ta, sai ta ajiye buta ta daɗe a tsaye, sannan ta ce, "Allah Ya yi muku albarka." Ba ta ƙara ko kalma ɗaya ba.

Na je na ba Inna amsar tambayarta, na ce nata ya fi. Ta ce da ma ta sani, wai kishiya ba ta taɓa yarda da wuri. Takardar furen Ingila tana nan cikin littafina, ina sa ta alamar shafi.

Damina na tafe. Ki je wurin kakarki ko gwaggonki ki roƙi gwangwani guda na gurguzu, ki kuma zauna ki saurari yadda take shanya nata. Wadda ta gwada ta rubuto mana ta hannun edita mu ji yadda ta kaya. Allah Ya sa albarka a abin da hannunmu ya shuka, Ya bar mu da iyayenmu lafiya, amin.

Taku har kullum, daga Kazaure.